Waƙar da Inna ke ɗaga wa murya

Kakata ta wajen uba, wadda duk gida muke kira Inna, ba ta taɓa rubuta ko da sunanta ba. Karatun allonta bai wuce izu biyu ba aka ɗaura mata aure. Amma in ta idar da azahar ta miƙe ƙafa a kan tabarma a ƙofar ɗakinta, ta dangwali alli da yatsa, ta murza mazari, to baitoci ne za su yi ta zubowa daga bakinta har a kira la'asar, wani na jan wani kamar zaren da take ja daga abduga. Yawanci begen Annabi ne, sai kuma waƙoƙin wa'azi irin na da, masu maganar kabari da siraɗi da ma'auni. A cikin birnin Zariya muka tashi, kuma a lokacin nan kusan kowace tsohuwa a unguwarmu tana da irin wannan jaka a kanta. Ni dai sautin kawai nake ji. In na zo wucewa ta ce, "Maigida, miƙo mini abdugar nan," in miƙa in gudu wajen ƙwallo.

Sai da na kai shekara goma sha biyu ko sha uku na lura da wani abu. Akwai mutum ɗaya da in ya yi sallama a zaure, Inna takan sauya waƙa.

Ƙanen kakanmu ne. Alhaji kawai zan kira shi, don ya riga mu gidan gaskiya, kuma jikokinsa 'yan uwana ne da muke zumunci har gobe. Lokacin da babban ɗan Inna ya rasu ya bar yara huɗu ƙanana, sai aka damƙa wa Alhaji riƙon gonarsa, wata gona mai fadama a bayan ganuwa, inda ake rake da albasa. Riƙo aka ce, kafin yara su yi wayo. Yara suka yi wayo, suka yi gemu, gona ba ta dawo ba. Kowa ya sani, ba mai iya buɗe baki, saboda shi ne babba a dangi bayan kakanmu ya kwanta dama, shi ke ɗaura aure, shi ke raɗa suna. Inna ma ba ta taɓa tarar sa da maganar ba, ko sau ɗaya. Zai shigo ya rusuna ya ce, "Yaya, sannu da aiki." Ta ce, "Yauwa Alhaji, ya iyalin? Ya rana?" A kawo masa ruwa a kwanon sha. Daga nan sai ta murza mazari ta ci gaba da waƙarta, sai dai yanzu ta bar bege ta koma baitocin da ke maganar mai cin dukiyar maraya, da ranar da za a rufe baki hannuwa su ba da shaida. Ba ta kallon sa. Idonta na kan zare. Muryar ce kawai take ɗan ɗagawa, daidai yadda za ta kai inda yake zaune.

Na tuna da wannan ne shekaru da yawa bayan haka, a wata gardama da muka yi da wani abokina a ɗakin kwanan ɗalibai. Shi mutum ne mai karatun littattafan juyin juya hali, irin waɗanda a lokacin ake yayi a Samaru. Ya ce mini, "Malam, waƙoƙin wa'azin nan su suka kwantar mana da mutane. An ce wa talaka duniya ba komai ba ce, ya naɗe hannu, wasu suka kwashe ta." Ya ƙara da cewa mu Hausawa ba mu da falsafa, wa'azi kawai muke da shi, falsafa kuwa sai a Girka, wajen su Aflatun da Aristo, inda ake kafa hujja a rushe hujja. A daren ban ba shi amsar kirki ba. Na ce masa dai shi Aflatun ɗin da kansa ya ce a kori mawaƙa daga birnin da ya tsara a tunaninsa, kuma ba a korar abin da ba a tsoro. Muka yi dariya aka tashi. Amma maganar ta zauna mini, kuma yau shekara ashirin ke nan ina juya ta.

Abin da falsafa ke tambaya ai ba baƙo ba ne a wurin Inna. Mece ce wannan duniyar da muka buɗe ido muka gan mu a ciki? Abin da ke hannuna nawa ne? In komai zai wuce, me ya rage da ya cancanci a wahala a kansa? Mawaƙanmu sun yi ta kai gwauro su kai mari a kan waɗannan, sai dai ba sa cewa "hujja ta ɗaya, hujja ta biyu". Hoto suke ajiye maka. Su ce duniya kasuwa ce, ta ci ta watse. Su ce zango ce, ba a gina soro a zango. Su ce inuwa ce, ka bi ta ta gudu, ka juya mata baya ta biyo ka. Karin maganarmu ma haka take tafiya: duniya budurwar wawa, duniya rawar 'yan mata, na gaba ya koma baya. Wanda ya saba da littafi zai ga kamar ado ne kawai. Amma ka ɗauki hoton zango ka warware shi a hankali, ka ga abin da ke ƙunshe. In zango ne, to tabarmar da kake kai ta aro ce. Mai aro kuwa ana tambayar sa. Wanda ya fi kowa tara kayan aro shi ya fi kowa doguwar amsa. Ashe kaifin maganar sama yake kallo, wajen mai riƙe da gona, ba wajen yaran da aka hana ba.

Wannan ba fassarata ba ce ni kaɗai, tarihin waƙoƙin ne ya nuna haka. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda aka haifa a 1754 ya rasu a Sakkwato a 1817, ya rubuta littattafansa da Larabci don malamai, amma ya yi waƙoƙi da harshen da makiyayi da manomi da matar kulle ke ji. Mutanen da suka fi kowa cewa duniya abar gudu ce, su ne suka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804, suka yi yaƙi, suka kafa daula, suka naɗa alƙalai. In da gudun duniya naɗe hannu ne, da ba a ji labarinsu ba. Dubi waƙar nan ta Shehu da ake kira Tabbat Haƙiƙa, wadda asalinta da Fillanci take, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi, wato ya mayar da kowane baiti mai ɗango biyar. Da wa take magana? Da mai mulkin da ke cin talakawa, da alƙalin da ke karkatar da shari'a, da mai ƙwace haƙƙin wani. Baiti bayan baiti ana ambaton laifi, a faɗi makomar mai yin sa, a rufe da kalmomi biyun nan da suka zama sunan waƙar. Kuma ba sarakunan Gobir da aka kayar ake yi wa ita ba, mutanen Shehu ne da mulki ya dawo hannunsu. Wato dai da gidan ya ga 'ya'yansa sun fara jin daɗin kujera, sai ya ɗaga musu murya kamar yadda Inna ke yi wa Alhaji.

Ita Nana Asma'u, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ita ta fi kowa gane cewa waƙa ce jakar da ilimi zai shiga ya isa tsakar gida. Ta naɗa mata jagorori da ake kira jaji, tana ba su malfa da jan rawani, su je ƙauyuka su tattaro mata, 'yan taru, a koya musu karatu ta hanyar baitoci. Ban san ta wace hanya baitocin Inna suka iso bakinta ba, ita dai cewa take a wajen gwaggonta ta ji. Amma in na ga tsohuwar da ba ta karatu tana riƙe da ɗaruruwan baitoci, nakan tuna da malfar nan.

Me ya sa sai waƙa? Dalili na farko a fili yake: amsa-amo da kari suna riƙe magana kada ta zube. Inna kan manta inda ta ajiye goronta, amma ba ta manta ɗango, domin ƙarshen na farko shi ke kiran na biyu. Dalili na biyu shi ne wanda na gani da idona, kuma ban taɓa karanta shi a littafin nazari ba. Kunya. A gidan Bahaushe akwai gaskiyar da ba ta faɗuwa baki da baki. Matar wa ba za ta dubi ƙanen miji, babban mutum mai rawani, ta ce masa ka ci amana ba. In ta faɗa, ita za a ba laifi, a ce ta raba zumunci. Amma wa zai hana tsohuwa rera wa'azi a kan tabarmarta? Maganar ba tata ba ce, ta malaman da ce, ta girme ta ta girme shi. Ba ta ambaci suna ba. In ya tsargu, shi ya sani. Habaici ne, na yarda, amma habaicin da ya jingina da hisabi ya fi ƙarfin a ce masa gugar zana.

Sai dai abokin nan nawa bai yi ƙarya duka ba, kuma ba zan rufe wannan ba. Shi kansa Alhaji gwanin faɗin "duniya ba komai ba ce" ne. A wajen zaman makoki shi ke fara ta, yana girgiza kai yana jan carbi. Na taɓa jin ya faɗa wa babban cikin marayun nan, ranar da yaron ya zo neman kuɗin jarrabawa: a yi haƙuri, zafin nema ba ya kawo samu, abin da Allah Ya rubuta maka ba ya wuce ka. Duk gaskiya ne. Amma a bakinsa gaskiyar ta zama murfi. Jimla ɗaya ce, in ta fito daga wanda aka cuta zuwa wanda ya yi cutar sai ta zama bulala, in ta fito daga mai cutar zuwa wanda ya cuta sai ta zama barci. Shi ya sa yanzu in na ji baiti a kan wucewar duniya, kafin in tambayi ma'anarsa nakan duba wa ke rerawa, wa kuma ke zaune yana ji. Malaman jigo da salo a makaranta ba su koya mana wannan tambayar ba, sun tsaya a kan takarda, alhali rabin ma'anar tana tsakar gida.

Akwai kuma hoton da har yau bai kwanta mini ba: yadda ake yawan siffanta duniya da mace. Tsohuwa ce da ta ci kwalliya ta rufe fuska, ko mai yaudara da ke auren maza tana binne su ɗaya bayan ɗaya. Hoton ya daɗe, a waƙoƙin zuhudu na Larabawa ma yana nan. Na taɓa tsokanar Inna da shi, lokacin na fara jin kaina ɗan boko. Na ce, "Inna, ke da bakinki kike cewa duniya tsohuwa ce mayaudariya?" Ko ɗago kai ba ta yi ba ta ce, "Maza ne suka yi waƙar, maigida. Da ni na yi ta, da na ce bazawari ne." Na rasa ta cewa. Har yau ina ganin wannan ita ce sharhin adabi mafi gajarta da na taɓa ji, kuma ba ta hana ta ci gaba da rera baitin ba.

Da na girma na ɗan zauna a zauren wani malami ina jin karatun waƙoƙin Larabawan jahiliyya, waɗanda almajiran ilimi a ƙasar nan suka daɗe suna karantawa don sanin lugga. A nan na haɗu da Zuhairu ɗan Abi Sulma, dattijon da ya ce ya gaji da ɗawainiyar rayuwa bayan shekara tamanin. Shi ne ya kamanta mutuwa da taguwa mai dundumi, tana tafe tana banka, wanda ta taka ya tafi, wanda ta kuskure ya tsufa har ya rasa inda zai sa kansa. Malam ya fassara baitin, sannan ya gyara zama ya ce, "To, wannan kafin Musulunci ne. Mu mun san ba dundumi take yi ba, aiko ta ake yi." Ka ji gardamar ƙaddara gaba ɗayanta a numfashi biyu: ko mutuwa makauniya ce, ko 'yar aike ce. Littafi guda ake rubutawa a kan wannan, su kuwa sun gama da raƙuma ɗaya.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne Abul Ala'i na Ma'arra, a ƙasar Sham, makahon da ya rayu daga 973 zuwa 1057, ya kulle kansa a gida shekaru masu yawa har ake ce masa fursunan kurkuku biyu, makanta da ɗaki. A wata marsiyya tasa ya ce a sassauta taku, don shi bai ga fatar ƙasar nan ba face jikkunan waɗanda suka gabata. Na ji baitin na ce madalla da fasaha, na wuce. Sai ranar da muka kai mahaifina. Tsohuwar maƙabarta ce, ta cika, duk inda aka sara an taɓa sarawa. Masu haƙa suna cikin aiki sai ga wani guntun ƙashi ya fito, ya yi ja kamar ƙasar. Wani dattijo a cikinsu ya tsuguna ya ɗauke shi da hannu biyu, ya yi masa ɗan rami a gefen kabarin ya mayar ya rufe, ya ce, "Allah Ya jiƙan na ciki," aka ci gaba da haƙa. Ba wanda ya yi mamaki sai ni. Da muka juyo bayan an shafa fatiha, na kama kaina ina taka ƙasa a hankali, kamar mai tsoron tada wani daga barci. Dattijon nan bai taɓa jin sunan Abul Ala'i ba, amma hannunsa ya san baitin.

Mu ma muna da namu makahon, a nan Zariya: Aliyu Namangi, mai waƙar Imfiraji, wanda ya rasa ganinsa tun yana ƙarami, ya rasu a 1990. Duk wanda ya taso a Arewa ya ji ta a bakin makafi a ƙofar masallacin Juma'a, ɗan jagora na gaba, sanda na tsakani, ɗaya na ja sauran na amsawa. Manazarta sun ce karinta ba daga arulin Larabawa ya fito ba, daga kiɗan caji aka ɗauko shi, wato ya karɓe muryar dandali ya ɗora mata wa'azi da bege. Abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda duhu ɗaya ya kai mutum biyu wuri biyu. Na Ma'arra ya fito da shakka da ɗacin rai, har ya ƙi haihuwa don kada ya jawo wani cikin wahala. Na Zazzau ya fito da begen Manzo da ɗokin Madina, ya kuma sa wa waƙarsa suna daga kalmar Larabci mai nufin yayewar ƙunci. Ina karanta na farko in ina son a girgiza ni. Amma ranar da muka dawo daga maƙabarta, na biyun kunnena ya nema.

Su Sa'adu Zungur da Mu'azu Haɗeja, waɗanda duk suka rasu a 1958, sun zo sun juya akalar zuwa siyasa da gyaran hali, zamanin da ake buga waƙa da boko ana karantawa a jarida. Wasu kan ce a nan waƙar Hausa ta farka daga barcin wa'azi. Ni ban ga barcin ba. Sa'adu ɗan gidan malamai ne na Bauci, kuma ƙarfin halin da ya sa ya dubi sarakuna ya gaya musu su gyara ko a bar su a baya, daga rijiyar nan ya ɗebo shi, wadda ke cewa rawani ma aro ne.

Alhaji bai mayar da gonar ba. Na faɗa ne don kada wani ya zaci labarin zai ƙare da tuba da kuka, irin na wasan kwaikwayo. Abin da dai na gani shi ne, a shekarunsa na ƙarshe ya rage shigowa cikin gida. In ya zo ya ji muryar Inna daga zaure, sai ya tsaya a can, ya sa yaro ya shiga ya ce yana gaisuwa. Wata rana na fito na same shi tsaye a jikin bango, takalmi ɗaya a ƙafa ɗaya a hannu, ya kasa shiga ya kasa tafiya, baitocin na fitowa ta ƙofar suna wuce shi. Da ya gan ni sai ya ce, "Yayar tamu dai ba ta gajiya." Na ce, "Ba ta gajiya, Baba." Ya sa takalminsa ya fita. Bayan rasuwarsa magadansa suka yanka gonar fuloti-fuloti. Yanzu gidaje ne a wurin, har da shagon cajin waya a daidai inda rijiyar fadamar take.

Ranar da aka yi masa sadakar uku, da yamma mutane sun watse, Inna ta fito da tabarmarta. Na zauna kusa da ita da gangan, ina jira in ji baitocin marayu, don a raina na ce yau kam ranarsu ce. Ba ta yi su ba. Bege ta yi, sannan ta shiga wasu baitoci na neman gafara da ban taɓa jin ta rera ba, a hankali, hawaye na bin kuncinta tana sharewa da gefen mayafi. Da ta numfasa na ce, "Inna, yau ba ki yi waccan ba."

Ta ce, "Wacce?"

Na ce, "Wadda kike yi in Alhaji ya shigo."

Ta daɗe tana kallona, irin kallon da ake yi wa yaron da ya ga abin da bai kamata ya gani ba. Sannan ta ce, "Da yana ji ne nake yi. Yanzu ya isa wurin masu tambaya, me zan ƙara musu?" Ta laluba gefen tabarma ba ta sami abin da take nema ba. "Tashi ka duba mini allina a ɗaki, maigida, yatsuna sun yi santsi."